Ƙarfen Illa Baƙo

A ƙauyen su Habsa, can bayan Karofane inda dutse ya fi ƙasar noma yawa, babu gidan da ƙarfen Illa Baƙo bai taɓa kwana ba. Idan mace ta haihu, kafin a ɗora ruwan wanka an aika gidan Habsa a aro shi, a ajiye wajen kan jinjiri don kada iska ta kusance shi. Idan aka yi mutuwa, shi ake ɗora wa mamaci a ciki kafin a gama gina kabari, wai don kada cikin ya kumbura. Matar da ta shiga takaba ma da shi take zagayawa bayan gida. Malaman zamani sun yi wa'azi har muryarsu ta dishe, sun ce camfi ne. Matan garin suka ce gaskiya ne, Allah gafarta malam, suka ci gaba da aronsu. Ranar da matar ɗaya daga cikin malaman ta haihu, uwarsa da kanta ta zo ta karɓa, ta ɓoye a cikin zane.

Ƙarfe kawai ake ce masa, don an rasa sunan da za a ba shi. Ya fi wuƙa tsawo, bai kai takobi ba. Siriri ne, baki ɗaya ke da kaifi, kaifin ma ko albasa ba ya yankawa da daɗi. Bayansa na da kauri, ƙotarsa ta itace ce, an rufe gindinta da tagulla. Inda ƙota ta gamu da ruwan ƙarfen akwai zobe a gefe guda, babban yatsa na shiga, ɗaya gefen kuma wata ƙugiya ce ta lanƙwashe. Tsatsa da maiƙon hannuwan mutane sun mayar da shi baƙi ƙirin, kuma ba a wanke shi. Tsofaffin mata sun ce idan aka wanke shi albarkarsa za ta bi ruwan.

Mai shi, Illa, ya shigo garin ne a shekarar farin da ya kashe shanu, lokacin da hanyoyi suka cika da mutanen da ba a tambayar su inda za su. Saurayi ne dogo, a rame, da ƙarfen ɗaure a cikin tsumma a bayansa. Sauran baƙi sun ci abin da suka samu sun wuce, shi kuwa ya tsaya, don ya iya abin da ƴan gari ke tsoro: yana shiga rijiya ya yashe ta. Rijiyoyin Adar kuwa ba na wasa ba ne, in ka leƙa sai ka ga ruwan can ƙasa kamar idon kaza. Hausarsa ta fita sarai, amma da wani lanƙwasa da ba na Gobir ba, ba na Arewa ba, ba na Damagaram ba. Mutanen garin, waɗanda ba sa sayen ko akuya sai sun ji labarin uwarta, suka yi ta binciken asalinsa. Wasu suka ce bawa ne ya gudo daga Buzaye, wasu suka ce kisan kai ya yi. Shi dai yana cikin rijiyarsu yana fitar musu da laka.

Habsa a lokacin bazawara ce. Mijinta na fari ya sake ta don ba ta haihu ba, ta dawo gidan kawunta tana daka tana surfe. A bakin rijiya ta fara ganin Illa, an jawo shi da igiya, laka har gira, yana kyarmar sanyi a tsakiyar rana. Ta miƙa masa furar da ta damo wa kanta. Da ya zo neman aurenta, kawun bai yi dogon bincike ba, ganin babu wani layin manema a ƙofar gida. Mata suka yi ta zunɗe, wai marar haihuwa ta samu marar asali. Ita kuwa ta samu mutumin da bai taɓa ɗaga mata murya ba, wanda in ta yi zazzaɓi yakan saci jiki ya ɗebo mata ruwa da asuba don kada maza su gani su yi masa dariya.

Sau ɗaya ta taɓa tambayarsa garinsu. Yana gyaran igiya ne a tsakar gida. Hannunsa ya tsaya, ya ce, "Ƙarhen nan na ubana na. Shi kaɗai yar rage." Ya tashi ya fita, bai ci tuwon ranar ba. Daga nan ba ta sake ba. Ta ce a ranta akwai lokaci, tsufa na zuwa, mutum kuwa in ya tsufa labarin gida yake yi ko ba a tambaye shi ba.

Allah bai ba su haihuwa ba. Lokacin da aka zo da aikin jera duwatsu a kan tudu don tare ruwa, tare suka yi, ita tana ɗauka a ka shi yana jerawa. Suka samu ƴar gona a fako, suka gina rumbu ɗaya. Haka suka tsufa su biyu, ba su da yawan magana, amma in ɗaya bai dawo ba ɗayan ba ya cin abinci.

Tsufan ya zo, labarin bai zo ba. Wata ranar kaka, bayan la'asar, Illa ya dawo daga gona da damin hatsi, ya sauke, ya zauna a gindin rumbu ya ce a ba shi ruwa. Kafin ta kawo ƙwaryar ya riga ya kwanta. Ƙarfen da ya kwana a kan cikin mutanen garin da yawa, ranar a kan cikin mai shi aka ɗora shi.

Garin ya yi masa sutura yadda ya kamata, ba za a ce ba su yi ba. Amma da aka dawo daga maƙabarta, liman ya yi tambayar da ake yi kullum: wa za a aika ya kai wa danginsa labari? Babu wanda ya san inda za a aika. A nan ƙasar, mutuwa ba ta cika sai an kai saƙonta. Ko a Abijan ɗan'uwan mamaci yake, sai an nemo shi an faɗa masa, ya yi salati, ya tambayi ciwon da ya kashe shi, shi ma ya shimfiɗa tabarma a can a zo a yi masa gaisuwa. An shimfiɗa tabarmar maza a ƙofar gidan Illa, babu wanda zai zauna a kai a matsayin ɗan'uwa. Masu gaisuwa suka riƙa gaida liman, don dai kada su koma da gaisuwarsu. Habsa tana jin su daga cikin ɗaki, abin ya fi mutuwar kanta yi mata ciwo.

Da aka zo rabon gado, liman ya ce ita rubu'i gare ta, saura na danginsa ne in sun bayyana. Ba wani abin kirki ya bari ba. Ta naɗe rigarsa ta salla da hularsa ta sa a ƙasan akwati, ta ce wannan da ƙarfen amana ne, na mutanensa ne. Tun daga ranar take ɗauke da saƙon mutuwar nan a ƙirjinta, ba ta da inda za ta sauke shi.

Shekaru suka yi ta wucewa. Kawunta ya mutu, ƴaƴansa suka watse biɗa, ci-rani a ƙasashen waje. Gidan ya zama daga ita sai akuya ɗaya da kaji. Ta san sarai cewa masu sallama a ƙofarta ƙarfe suke nema, ba ita ba, amma ba ta raina ba. Takan ɗan ja lokaci wajen ɗauko shi, ta ce a zauna a sha ruwa tukuna, ta tambayi namiji ne ko mace, naƙudar ta daɗe ko ba ta daɗe ba. In aka yi wata guda ba haihuwa ba mutuwa, sai ta yi wata guda ba ta yi hira da kowa ba sai akuyar.

Ana nan, surukar Kaltuma, maƙwabciyarta, ta haihu. Rahila sunanta, a Madawa ta tashi, yarinya ce mai tsabta har ta yi yawa, irin waɗanda ke wanke sabulu kafin su yi wanka da shi. Ta ga an ajiye wani baƙin abu mai maiƙo kusa da kan ɗanta, ta kasa haƙuri. Da ta ɗan ji ƙarfi, ta samu toka da lemun tsami ta zauna ta dirje shi tas.

Kaltuma ce ta mayar da shi, a naɗe, tana ta rantse-rantse tun daga ƙofa. "Inna Habsa, wallahi ban gani ba sai da tag gama. Ɗiyan birni na, ba su san komi ba. Ki yi haƙuri don Allah."

Habsa ta warware tsumman, ranta ya ɓaci. Hannun Illa ne aka wanke, abin da ta fara ji ke nan. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai hasken rana ya faɗa a bayan ƙarfen. Tun daga ƙota har kusan taƙi guda, akwai wani zane siriri yana tafiya yana murɗewa. Ta shafa da yatsa, ta kai kusa da ido.

"Kaltuma, wanga mi na na?"

Kaltuma ta duba ta ce, "Awa rubutu, da shi yaka kama."

Habsa ta zauna a kan turmi. Ba ta yi karatu ba, amma ta san abin da ake rubutawa a jikin kaya. Duk buhun da ƴan biɗa suka aiko daga Abijan, sunan mai shi da sunan garinsu ne a jiki, da shi direba ke sanin inda zai sauke. Me kuma mutum zai wahala ya rubuta a jikin ƙarfe in ba sunansa da garinsu ba? Ashe shekara da shekaru garin su Illa na kwana a ɗakinta, ita da matan garin suna ta lulluɓe shi da maiƙo.

Liman ya duba ya ce ba Larabci ba ne. Rahila, wadda ta ɗan taɓa lakwal, wato makarantar zamani, ta ce boko ne, amma an murɗe shi kamar yaɗon kabewa, lambobi kawai ta gane a ƙarshe. Ranar kasuwar Karofane Habsa ta kai wa Jima maƙeri. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa a kan uwar maƙera ya saurari ƙararsa, ya danna wani ɗan maɓalli a gindin ƙotar da ita ba ta taɓa sanin yana motsi ba.

"Inna, wanga ba ƙirarmu ta ba, ba ta Buzaye ba," in ji shi. "Ni dai ban san shi ba, ba ni yi miki ƙarya. Amma kayan soji yaka kama. Tahi garin Buza ki biɗi wani tsoho Abdulmumin, soja na da, ya iya karatun Nasara. Matambayi ba shi ɓata."

Ta koma gida ta yi shirin tafiya mai nisa, don a ganinta Buza mafari ce kawai. In an karanta mata sunan garin, daga tasha za ta nemi motarsa. Ta fitar da rigar sallar da hular, ta kaɗe su, ta ɗaure tare da ƙarfen. Ta ƙulla garin fura a leda. Ta kai wa Kaltuma akuya da kaji, ta ce in ba ta dawo da wuri ba kada a damu, wajen dangin mai gidan za ta.

A bayan wata motar kasuwa ta isa Buza, a kan buhunan albasa, da hantsi. Ba ta sha wuyar samun gidan ba. Abdulmumin na zaune a kan kujera a inuwar dogon yaro a ƙofar gidansa, da ƴar rediyo a cinya, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Tsoho ne kamarta. Matarsa ta rasu, ƴaƴansa na Yamai, kuma da ganin yadda ya yi saurin kashe rediyon ka san ya kwana biyu bai yi baƙo ba.

Suka gaisa, ta durƙusa a gefen tabarma ta warware tsumman. Fuskar tsohon ta washe kamar ya ga abokin ƙuruciya.

"Kai! Bayonet! Baiwar Allah, ina kinka samo wagga tsohuwa?"

Ya karɓa, ya ɗauki sandarsa ya zura bakinta a cikin zoben ya nuna mata. Wuƙar bakin bindiga ce, in ji shi. Zoben nan bakin bindiga ke shiga, maɓallin nan shi ke kama ta, in harsashi ya ƙare da ita soja ke suka. Ya ce su a zamaninsu ba su riƙe irinta ba, ta girme su nesa, amma ubansa gardi ne, dogarin gwamnati a zamanin Nasara, yana yaro ya sha ganin ta rataye a ƙugunsa. Habsa ta tuna jarirai nawa suka yi barci kusa da abin sukar mutane, ta ce a ranta wannan labarin ba zai shiga garinsu ba.

"Malam, rubutun nika so. Akwai sunan gari?"

Ya gyara tabarau, ya karkata ƙarfen wajen haske, yana bi da farce a hankali. "Akwai kuwa. Sant Etiyen. Ga shekara ma, dubu da ɗari takwas da saba'in da tara."

Ta maimaita sunan a hankali don kada ya kuɓuce mata. "Santatiyan. Wajen ina na? Motar ina aka shiga?"

Tsohon ya fashe da dariya har da tari. "Mota? Baiwar Allah, Faransa ta! Sai jirgi! Can anka ƙera ta. Sunan maƙerar na, ba na mai ita ba."

Yana cikin dariyar idonsa ya sauka a kan ƙunshin da ke gefenta. Bakin ƙunshin ya ɗan buɗe, ana ganin wuyan riga da hula a naɗe, da ledar garin fura. Dariyar ta tsaya. Ya ajiye ƙarfen a cinyarsa ya ce ta faɗa masa abin da ke tafe da ita.

Ta faɗa masa, tun daga rijiya har tabarmar da ba ta samu mai zama ba. Bai katse ta ba. Da ta gama, ta tambaye shi ko dai an san mutanen da Nasara suka raba wa irin wannan, ko ƙabila ɗaya ce, ko gari ɗaya.

Ya so ya yi mata ƙarya, an ga alama a fuskarsa, amma bai yi ba. Ya ce an ƙera irinta ba adadi. An ba Bambara, an ba Mosi, an ba Zabarmawa da Hausawa da mutanen Cadi. Wasu sun gudu da ita, wasu sun sayar, wasu a jikin gawa aka tsince ta. Ko uban mijin nata soja ne, ko saya ya yi, ko shi aka soka da ita ya tsira, Allah kaɗai ya sani. "Ƙarhen dai na san garinsu," in ji shi. "Mijinki ban sani ba."

Habsa ta zuba wa hanya ido. Wata mai tallan ƙosai ta wuce, wani ɗan kabu-kabu ya wuce. Ba ta yi kuka ba, sai dai ta ji gajiyar shekarun nan duka ta sauko mata a kafaɗa lokaci ɗaya. Ta jawo ƙunshin za ta ɗaure, hannunta ya tsaya a kan hular. Ta ɗaga kai ta dubi tsohon.

"Kac ce ubanka ya riƙe irin wagga?"

"Ya riƙe."

"Shi ma mai gidan, ubanai ya riƙe." Ta gyara lulluɓinta, ta gyara zama kamar yadda ɗan aike ke yi. "Tun da nike, ban ga wanda yas san ko abu guda nashi ba sai kai. To kai za ni hwaɗa ma."

Mata irin su Habsa ba sa kama sunan miji. Shekarun da suka yi tare, mai gidan take cewa, ko shi, ko wancan mutumin in ta yi fushi. Amma ba a kai saƙon mutuwa babu suna. Sunan ya yi mata nauyi a harshe.

"Illa ya rasu."

Abdulmumin ya dube ta. Sannan ya dafa sandarsa, ya sauko daga kujera da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara, ya zauna a ƙasa a kan tabarma. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji shi. "Yaushe?"

"Da kaka. An daɗe."

"Ciwon mi?"

"Bai yi ciwo ba. Ruwa yac ce in ba shi."

"Ya sha?"

"Bai sha ba."

Nan hawayen suka zo mata. Tsohon ya bar ta ta yi, sannan ya ci gaba da tambaya, wa ya yi masa wanka, wa ya yi masa salla, an samu jama'a, ya bar bashi. Duk tambayoyin da ɗan'uwa ke yi bai bar ko ɗaya ba. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, yana kama sunan Illa. Wani mai wucewa ya ga tsofaffi biyu a kan tabarma ana shafa fatiha, ya tsaya ya tambaya ko rasuwa aka yi. Abdulmumin ya ce, "Ɗan'uwana na." Mutumin ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya yi masa gaisuwa, ya ce Allah shi jiƙan shi, Allah shi ba da haƙuri.

Da za ta tafi, ta tura masa rigar da hular da ƙarfen, ta ce gadon dangi ne. Ya karɓi riga da hula da hannu biyu. Ƙarfen kuwa ya mayar mata, ya ce ita ta fi shi sanin aikinsa.

Kafin magariba ta sauka a bakin hanyar garinsu. Kaltuma ta yi mamakin ganin ta da wuri, ta tambaya ko an samu dangin. Habsa ta ce an samu guda, tsoho ne, ya karɓi gaisuwa. Ta ja akuyarta ta shiga gida.

Ta rataye ƙarfen a inda yake zama. Ta hura wuta ta ɗora tukunyar da ba ta wuce cin mutum ɗaya ba. Tana jiran ruwa ya tafasa, ta juya wajen gindin rumbu, inda ya sauke damin hatsinsa na ƙarshe.

"Illa," in ji ta, "na hwaɗa musu."